Reshen da Kawu Ya Bari a Buɗe

"Wane Kawun?" Abin da na tambayi maƙwabciyarmu ke nan da ta kira ni, kamar ina da kawunai goma a Jalingo. Ta ce Kawunki dai, mai kwamfuta, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa wajen masu doya. Na ce mata ƙarya ne. Wallahi haka na ce wa matar da ta girmi uwata, ko kunya ban ji ba. Na ce yanzu-yanzu fa ya turo min aiki, ga saƙonsa nan a wayata ko buɗewa ban yi ba. Sai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki taho gida."

Kafin in isa unguwarmu ta Sarkin Dawaki ƙofar gidan ta cika. Mai doyar da ya ɗauko shi a keke yana tsaye rungume da doyar da Kawu ya zaɓa, ya rasa wanda zai miƙa wa. Duk wanda ya zo sai ya tare shi: "Muna cikin magana fa! Yana ce min wannan ta cika ruwa, in canza masa. Na sunkuya in ɗauko wata, na ɗago, babu mutum." Anti, ma'aikaciyar jinyar da muke yi wa aiki, ta zo da fararen kayanta ta zauna daɓas a ƙasa cikin zaure, aka yi aka yi ta tashi ta ƙi. Yaya kuwa, abokin aikinmu, ya tsaya a bakin ƙofa da jakar laftof a kafaɗa, bai shiga ba, bai tafi ba, yana ta girgiza kai yana cewa, "A'a. A'a. Da safe ya yi min faɗa."

Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba. Tsofaffi suna kewaye da ita suna ta "munyal, munyal," wato haƙuri, ita kuwa ta riƙe wayarsa da aka kawo mata daga kasuwa da hannu biyu, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta taɓa ganinsu ba.

Mutum da safe yana faɗa an bar masa fanka a kunne, kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta suna kakkaɓe ƙasa daga takalma. Har yau kaina bai gama ɗaukar wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na ji a zaman makoki. Kowa ya yabe shi, Allah Ya saka musu, amma wani ya ce mai fotokwafi, wani ya ce tsohon akawu, wata ma ta ce mai gyaran waya. Na ji haushi ƙwarai. Ba wanda ya san abin da tsohon nan yake yi a shagon nan da yake wuni, ba kuma wanda ya san abin da ya bar min a hannu ranar da ya tafi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Da ƙuruciyarsa mai buga tafireta ne a ma'aikata, daga baya ya buɗe shagon buga takardu. Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan ya ce shi ma zai koyi rubuta manhaja. Muka yi masa dariya, ni ce ma a gaba. Ya bar mu da dariyarmu. Da yatsu goma yake bugu, da ƙarfi, kamar madannan sun zage shi, don hannunsa bai taɓa yarda cewa zamanin tafireta ya wuce ba. Mu uku muke aiki: shi, ni, da Yaya. Yaya ba ɗan'uwana na jini ba ne, ɗan ƙabilar Mumuye ne Kirista daga unguwar Barade, shi ne ɗalibin Kawu na fari, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce wa Kawu Baba. Manhajarmu ƙarama ce. Tana tura wa mata saƙo a waya ta tuna musu ranar awo da ranar rigakafin yara, a wasu ƙananan asibitoci na unguwanni da ƙauyukan kusa.

Ga yadda muke aikin, don wanda bai sani ba. Manhajar tana da jiki guda, wanda shi ne yake tura saƙo ga jama'a. Kawu ya raɗa masa suna uwa. Ba mai taɓa uwa kai tsaye. In za ka ƙara wani abu ko ka gyara, sai ka ciri reshe, wato ka kwafi uwar ka koma gefe, ka yi ta ɓarnarka a can. In ka gama sai ka tura wa wani ya duba layi-layi, ya rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin aikin, inda kowa zai karanta. Sai ya ce ya yarda, sannan a haɗa reshen da uwa. Ko'ina a duniya masu wannan sana'a haka suke yi, amma Kawu ya riƙe abin kamar shi aka bar wa wasiyya.

"Ba a wanki a cikin randa," in ji shi. "Ɗebi ruwanki ki koma gefe."

In na ce gyaran ƙarami ne, harafi ɗaya ne, bari kawai in sa a uwa, sai ya zare tabarau ya dube ni. "Lokacin da nake buga takarda da kabon, in na yi kuskure ɗaya, duk takardun da ke ƙasa sun ɗauka. Yanzu Allah Ya kawo zamanin da mutum zai yi kuskure a gefe, ɗan'uwansa ya tare shi kafin ya isa ga jama'a, ke kuma ki ce kina sauri? Ina za ki?"

Yana da wasu dokokin. Duk abin da za a rubuta a ƙarƙashin aiki da Hausa za a rubuta, wai shi bai iya faɗa da Turanci ba. Sannan ba a goge tarihi. Manhajar da muke ajiye aiki a ciki tana riƙe da komai, wa ya sa wane layi, wa ya cire, yaushe. Akwai hanyar da mutum zai bi ya share sawunsa ya zama kamar bai taɓa kuskure ba. Kawu ya ce duk wanda ya yi haka a shagonsa ya nemi wani shagon.

Faɗansa da Yaya kuwa, duk layinmu sun san da shi. Yaya mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Duk aikin da Kawu ya turo masa, kafin ka ƙifta ido ya rubuta ya yarda. Kawu ya lura. Wata rana ya tura masa reshe, Yaya ya yarda kamar kullum. Sai Kawu ya kira shi, ya juya masa allon kwamfuta, ya ce karanta wannan layin da ƙarfi.

Yaya ya karanta: "Gobe ki zo da akuyarki rigakafi."

Na kwashe da dariya har na ƙware. Kawu ko murmushi.

"Ka raina ni," ya ce.

"Baba, wallahi ba raini ba. Girmamawa ne. Ni wane ne zan duba aikinka?"

"Girmamawa? Ka ga wandona ya yage ta baya, ka bar ni na shiga kasuwa, ka ce girmamawa? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba!"

Kwana da kwanaki bai yi wa Yaya magana ba, sai ta bakina, alhali teburinsu na gugar juna. Matar Yaya ta damo kunun gyaɗa ta kawo har shago don a sasanta. Kawu ya shanye tas, ya ce kunu dai ya yi, amma mijin har yanzu bai iya karatu ba. Ba su shirya ba sai ranar da Yaya ya kama shi da kuskure na gaske, ya rubuta a ƙasa. Ranar Kawu ya saya mana tsire.

Amsarsa ga kowane gyara kalma ɗaya ce: "Useko." Na gode ke nan da Fulatanci. Ko gyaran na waƙafi ne, ko na abin da zai rusa aikin mako guda, useko. Tabaransa kullum a ɓace yake, don haka in saƙon gyara ya same shi a gida yana cin tuwo, sai ya tura wa Inna wayar da gwiwar hannu. "Karanta min me yaran nan suka kamo." Inna ta yi yaƙi da jahilci, tana karantawa a hankali tana bin layi da yatsa. In ta gama ya ce, "To, rubuta musu useko." Ita kuma ta yi ta mita wai an mayar da ita sakatariya ba albashi.

Akwai layi ɗaya a cikin manhajar nan da muke kira layin Kawu. Ga asalinsa. Muna farkon farawa, wani mutum ya shigo shago da wayar matarsa. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ajiye wayar kawai ya yi a kan tebur. Saƙonmu ne a ciki: gobe ranar rigakafin yaronki. Yaron kuwa ko arba'in ba a yi da binne shi ba. Ya ce tun da saƙon ya shigo matar ba ta ci abinci ba.

Kawu ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi ya sa takalmi ya bi mutumin har gidansa a Barade. Yaya da ya raka shi ya ce a ƙasa ya zauna a ƙofar ɗakin matar, tsoho da furfurarsa, ya ce, "'Yata, ni na turo, ba inji ba. Ki yafe min." Da ya dawo bai sha ko ruwa ba sai da ya rubuta layin nan: kafin kowane saƙo ya fita, sai manhaja ta duba ko Anti ta sa alamar cewa yaron ya rasu, ko cikin ya zube. In akwai alamar, ta yi shiru. Ya nuna mana shi da yatsa ya ce, "Kowane layi a nan ku taɓa. Wannan kam sai bayan raina."

Yaya ya ɗauka tausayi ne kawai. Ni na san fiye da haka, don a gidan na girma. Duk goyon da Inna ta yi, babu wanda ya kai yaye. Shi ya sa ma aka ba su ni.

To, ga aikin da ya turo min ranar da ya rasu. Anti ta daɗe tana kukan cewa mata da yawa ba sa gane saƙon Hausa sosai. Kawu ya ciri reshe don a ƙara Fulatanci da yaren Mumuye. Ya zauna da Inna ta gyara masa na Fulatanci, ya je har wajen mahaifiyar Yaya ta gyara masa ɗayan. Da safen ranar ya gama, ya tura min da 'yar magana a kai: "'Yata, duba min. Zan je in sayo wa Innarki doya."

Bayan sadakar uku Anti ta same mu a shago. Ta ce ba don rashin kara ba, amma mako mai zuwa za a fita rigakafi ƙauyuka, kuma an riga an gaya wa mata saƙo zai zo musu da yarensu. Tana fita Yaya ya ce, "Ƙanwa, ka danna yarda kawai mu haɗa." Hausar Yaya ba ta san mace ba, kowa "ka" ne a wajensa. "Aikin Baba na ƙarshe ne. Ba a binciken mamaci."

Na ce, "Au, ka manta akuya?"

Na buɗe reshen. Abin da aka ƙara yana fitowa da kore, abin da aka cire da ja. Na bi koren ina jin muryarsa a kowane layi, har na soma hawaye. Sai na gangaro ƙasa na ga ja guda ɗaya.

Layin Kawu ne. Ya fita.

Na rufe laftof ɗin na sake buɗewa, wai ko idona ne. Yana nan, ja wur, da sunan Kawu a gefe, da safiyar ranar da ya mutu. Da alama ya ɗebe wannan sashen gaba ɗaya don ya sama wa sababbin yarukan wuri, da ya zo mayarwa ya bar layin a baya. Da na danna yarda yadda Yaya ya ce, da mako mai zuwa duk macen da ta binne ɗa a ƙauyukan nan ta sami saƙo ta kawo shi rigakafi, wannan karon ma da yaren uwarta.

Yaya ya leƙo, ya dafa tebur. Can ya ce, "Ko wani akuya ne ya ɗana mana?"

Na ce Kawu ba zai yi wasa da wannan layin ba. Inna ta riga ta gaya min kwanakin nan yana ta dafe kai yana cewa ba komai. Ina jin ciwon ne ya riga ya fara cinsa yana zaune a kan kujerar nan, muna gefensa ba mu sani ba. Amma gaskiyar magana, ba wanda zai taɓa sani.

Sai Yaya ya ja kujera kusa, ya rage murya kamar akwai mai jinmu. Ya ce shi ya san yadda za a mayar da layin cikin aikin Baba, a share sawun, ya zama kamar bai taɓa fita ba. "Mu rufa masa asiri. Ka tuna fa, duk abin da ka rubuta a nan wayar Baba zai shiga. Wayar yana hannun wa?"

Nan ne ya kama ni. Wayar tana hannun Inna. Tun ranar ba ta rabu da ita ba, kullum sai ta sa an yi mata caji, tana ajiye da ita a gefen tabarmar takaba. Mace da ta binne 'ya'yanta duka, yanzu ta binne mijin, ni kuma in aika mata da rubutu cewa aikinsa na ƙarshe a duniya da ya sa mata irinta kuka? Ni da suka raina? Kuma rufin asirin mamaci ba abin wasa ba ne, da shi aka tarbiyyantar da mu, Musulminmu da Kiristanmu.

Amma bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Kawu ya ce ba a goge tarihi."

"Baba ya mutu!"

Da ƙarfi ya faɗa, har mai shagon kusa ya leƙo. Tun ranar kowa sai ya ce ya rasu, ya riga mu, ya koma. Ba wanda ya faɗa min haka tsirara. Yaya ma kansa ya tsorata da abin da ya fito daga bakinsa, ya kifa kai a tebur ya yi ta kuka kamar yaro. Ni kuwa na zauna ina kallon kujerar Kawu, matashin da yake jingina da shi har yanzu da lotsawar bayansa.

Kawu ya ce duba min. Magana ta ƙarshe da ya yi min ke nan a duniya. Bai ce yabe ni ba, bai ce rufa min ba. In na share sawun nan, na yi masa abin da ya kira raini, kuma na yi masa a lokacin da ba zai iya zare tabarau ya dube ni ba.

Na jawo laftof na rubuta:

"Kawu, sannu da aiki. Yarukan sun zauna daidai. Amma layin da yake hana saƙo zuwa ga uwar da ta rasa ɗa ya fita a wannan reshe. Ban yarda a haɗa ba sai an mayar da shi. Dokarka ce mai aiki shi yake gyara aikinsa, to ka yi haƙuri, wannan karon ni zan gyara, da sunana."

Na tura. Na mayar da layin, na miƙe ina neman mayafina, niyyata in ruga gida in durƙusa gaban Inna in yi mata bayani kafin idonta ya kai kan wayar. Ina ɗaure jaka ke nan kwamfutar ta yi ƙara.

A ƙarƙashin rubutuna, ga ɗan hoton Kawu da hularsa a karkace, ga sunansa, ga kalma ɗaya.

"Useko."

Yaya ya zabura har kujera ta kife, yana kiran sunan Yesu. Ni salati nake so in yi, harshena ya ƙi motsi. Wallahi na ɗan lokaci na yarda, na yarda da zuciya ɗaya cewa yana gida yana cin tuwo, duk abin da ya faru mafarki ne. Sai daga baya hankalina ya dawo, na gane hannun da ya rubuta.

Na sami Inna a kan tabarma, wayar a cinya, tabaran Kawu a hancinta. Ashe a ƙarƙashin filo ya bar shi. Na zube a gabanta na fara, "Inna, don Allah ki..."

Ta ɗaga min hannu. "Na karanta. A hankali na bi shi, yadda na saba." Ta cire tabaran ta goge da bakin zane. "Da kin rufe, da ba shi kika rufa wa asiri ba. Ni kika cuta, da ire-irena." Sai a lokacin na ga hawayenta, karo na farko tun da aka shigo da gawar. "Na zauna ina jira ya ce min rubuta musu. Na ji shiru. Sai na ce ai na san abin da zai ce."

Washegari Yaya ya duba gyarana layi-layi, ya daɗe a kai har na fara jin haushi, sannan ya yarda aka haɗa. Saƙo ya fita ƙauyuka da yaruka uku, kuma gidajen da ya kamata a yi wa shiru an yi musu shiru.

Allah Ka jiƙan Kawu. Yadda ya zauna a ƙasa ya nemi yafiyar matar da bai sani ba, Ka yafe masa abin da muka gani da wanda ba mu gani ba. Ka ba Inna haƙurin da ya fi wanda Ka saba ba ta.

Duk wanda ya zo aiki shagon nan bayanmu, zai tarar da komai yadda ya faru: jan layin da sunan Kawu, gyaran da sunana, sannan godiyarsa a ƙasa, ɗauke da kwanan watan da ya zo bayan an binne shi. Yaya ya taɓa tambayata ko mu sa 'yar magana a gefe mu bayyana wa na baya yadda aka yi. Na ce a'a, a bar shi haka. Godiyar nan, Kawu ne ya faɗa.